Ba'amurken da Ya Nemo Ruwan Ƙauyen Su Inna

Birnin Kudu,
Jihar Jigawa.
Afrilu, 2003.

Zuwa ga ƙanena Hadi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Gaisuwa mai yawa daga ni da dukan mutanen gida, tare da roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya buɗa maka karatun da ya kai ka Ingila, ya kuma sassauta maka sanyin da kake ta kuka da shi. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna Barira ta yi sauƙi, har ta koma zuwa gidan suna ba mai riƙe ta. Matata Ummussalma lafiya lau, 'yarmu Hawwa kuma ta fara haƙori, ta hana kowa sakat. Zafi ya sauko sosai, mangwaro ya nuna, mutane sun fara sharar gona.

Abin da ya sa na zauna rubuta maka shi ne wani al'amari da ya ɗaure mini kai. Ka san halina na rubuta abin da ya faru a kowane yini, to kwanakin nan sai in rubuta in soke. Kai da kake zaune cikin mutanen nan, wataƙila ka fahimce su. Tun farkon shekara ƙaramar hukuma ta ba da arona ga wata ƙungiyar agaji mai haƙa rijiyoyin burtsatse a Birnin Kudu da Gwaram, ina yi musu tafinta. Turawa uku ne. Akwai Sarah, 'yar Ingila, ita ce shugaba. Akwai wani Bajamushe mai kula da injin haƙa, wanda sunansa ya gagari kowa aka bar shi a Dogo. Sai Jonah, Ba'amurke, wanda ke auna ƙasa ya nuna inda ruwa yake. Ni na yi ta naci har aka sa ƙauyen su Inna na bayan Kwandiko cikin aikin, don ka san yadda mata ke tonon yashin rafi da rani, da irin ruwan da suke samowa. Kawu Maikano, da yake shi ne mai unguwa, har addu'a ya sa aka yi mini. Sharaɗi ɗaya ne: injin ya shiga kafin ruwan fari, don da zarar hanyar nan ta jiƙe ba motar da ke bin ta, ƙungiyar kuwa bana za ta tattara ta tafi.

Da na ɗauka Bature Bature ne. Zama da su wajen cin abinci a masauki ya nuna mini ba haka ba ne. Kullum sai Sarah da Dogo sun sa Jonah a gaba. Sarah ta ce Amurkawa suna magana kamar wanda suke yi wa tana can ƙetaren kogi, kuma shayin da suke haɗawa ya kamata hukuma ta hana shi. Dogo ya ce in ka miƙa wa Ba'amurke taswirar duniya, gidansu kawai zai nema ya naɗe ta. Da maganar yaƙin Iraƙi ta yi zafi, sai abin ya wuce shayi. Sarah ta ce gwamnatin Amurka ɗan sanda ce da ba wanda ya ɗauka aiki, kuma da tana gida da tana cikin dubban da suka cika titunan Landan suna cewa ba su yarda ba. Dogo ya ce ƙasarsa ta ƙi shiga, kuma bai taɓa jin daɗin gwamnatinsu kamar bana ba. Jonah sai dai ya yi dariya, wani lokaci kunnuwansa su yi ja, ya ce a ƙaro masa tuwo.

Akwai abubuwan da ba su dace da wannan ba, kuma na lura da su. Hular da Dogo ba ya rabuwa da ita ta Amurka ce, kaset ɗin da yake sa mana a mota waƙoƙinsu ne, har ya taɓa gaya mini cewa mahaifinsa bai manta alewar da sojan Amurka suka ba shi yana yaro bayan Yaƙin Duniya na Biyu ba. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da Jonah, Sarah ce ta dakatar da aiki ta kai shi asibiti da kanta. Amma na ɗauki wannan a matsayin ladabin Turawa kawai, na yanke a raina cewa ba sa son sa, haƙuri suke yi da shi.

Da aka fara jefa bama-bamai, kowa ya manne da rediyo. Ana cikin haka Kawu ya aiko in zo. Na tarar da samari a ƙofar gidansa, Iliyasu ɗansa ne a gaba, suna cewa ba Ba'amurken da zai sa hannu a ruwan da za su sha su yi alwala. Kawu ya tambaye ni yadda za a yi. Ni kuwa, da ƙarfin gwiwar abin da nake ji kullum a masauki, na ce wannan mai sauƙi ne, ai ko abokan tafiyarsa ba ƙaunarsa suke ba, za su yi murna a bar shi a Birnin Kudu. Na yi musu alkawari a gaban jama'a, har aka yi mini kabbara.

Washegari na kai wa Sarah maganar, ina jiran ta gode mini. Hadi, fuskarta ta canza yadda ban taɓa gani ba. Ta ce in Jonah bai je ba, injin ma ba zai je ba. Dogo, wanda ya fi kowa zaginsa, ya tashi ya je ya kwance igiyoyin da ya ɗaure kaya da su. Na tuna musu abin da suke faɗa da bakinsu, Sarah ta ce wannan daban ne. Na tambaye ta daban ta yaya, ta ce daban ne kawai. Na fito ina kallon gabas, ga gajimare ya fara taruwa, ga alkawari na ɗauka, ga rijiya za ta suɓuce saboda bakina.

A kan babur, ina hanyar komawa ƙauye, Iliyasu ya faɗo mini a rai. Ka san tun muna yara ba ya ganina bai kira ni ɗan boko mai biro a kunne ba, kai kuma ya ce da kai ƙafar sauro. Amma ka tuna ranar da wani direba ya zage ka a tashar Gwaram, yadda Iliyasu ya shaƙe masa wuyan riga, alhali da safen nan shi ya kira ka da abin da ya fi haka muni? Sai na ce a raina ko dai mutanen nan taubasai ne, tunda an ce kakannin Amurkawa da yawa daga ƙasashen Turai suka tashi. Da na isa na gaya wa Kawu na yi kuskure, zagin da nake ji na wasa ne, irin na su Iliyasu da mu, irin na Fulani da Barebari, wanda na waje ba ya sa baki. Iliyasu ya ce in wasa ne, bam ɗin ma wasa ne? Kawu ya ce in kawo su duka ukun ya gani da idonsa.

Bayan la'asar aka taru a gindin tsamiya. Kawu ya ce in tambayi Sarah, tunda ita ce babba, ko wannan yaron yana tare da gwamnatinsa. Ta ce kafin a tambayi Jonah a fara da ita, don sojan ƙasarta ma suna can Iraƙi, gwamnatinta ta bi Amurka kamar raƙumi da akala, kuma tana jin kunyar haka; in za a kori wani, ita za a fara kora. Wallahi na yi tunanin in sassauta maganar, don ni ina neman a bar mutum ɗaya ya shiga, ita tana ƙara na biyu a layin kora. Amma na faɗa yadda ta faɗa. Dogo ya ce shi kaɗai ne ke nan mai tsabta, sai dai injinsa makaho ne, in mai surutun nan bai nuna masa wuri ba sai ya haƙa har damina bai ga ruwa ba. Na sa rai Jonah zai ce ba ruwansa da yaƙin, kowa ya huta. Bai ce ba. Ya gaishe da dattawa da guntuwar Hausarsa, sannan ya ce yana son ƙasarsa, ƙaninsa soja ne kuma yana can, bai sani ba ko yaƙin daidai ne, abin da ya sani shi ne yana jin tsoro. Wannan ma na fassara.

Can Kawu ya ce shi ranar da aka ce sun tashi daga Kano sun zama 'yan Jigawa, yana cikin gona ya ji a rediyo, ba wanda ya zo ya tambaye shi, kuma bai ga alamar gwamnatin wasu ta fi tasu tambaya ba. Ya ce ruwan nan a ƙasar kakanninsa yake, ba daga Amurka za a kawo shi ba, a haƙa. Iliyasu ya kakkaɓe rigarsa ya tafi, ya rantse ba zai ɗebi ruwan ba. Jonah ya auna, ya kafa sanda kusa da masussuka, aka haƙa, ruwa ya fito fari tas. An ɗaura famfon tuƙa-tuƙa, injin ya fito ke nan aka yi ruwan fari.

Da a nan aka tsaya da ban dame ka ba. A mota muna dawowa suka koma kan Jonah, Dogo yana cewa Amurka ta shiga wata ƙasa ta tono wani abu, wannan karon dai an ci sa'a ruwa ne. Da na ga kowa yana dariya, sai ni ma na jefa tawa, na ce ai Amurkawa ba su san kunya ba. Sarah ta ce a hankali wannan ba adalci ba ne, ita ba ta taɓa ganin mutane masu karamci kamar su ba. Don in gyara, na yi mata bayanin taubasai da abin da na gaya wa Kawu. Ta yi murmushi ta ce maganar shayi wasa ce, amma ta gwamnati har zuciyarta take nufi, kuma wani lokaci ita ma ba ta san inda ɗaya ta ƙare ɗaya ta fara ba. To ka ji. Ke nan abin da na gaya wa Kawu na farko ba gaskiya ba ne, na biyu ma rabi ne, kuma a kan wannan rabin aka haƙa rijiya. Ko in koma in gaya masa? Ka binciko mini a wurin waɗanda kake zaune da su, ka rubuto mini dalla-dalla: tsoron Amurkawa suke ji, ko haushinsu, ko sha'awarsu, ko duka?

Iliyasu yana nan kan rantsuwarsa, bai taɓa famfon ba. Matarsa ce ke zuwa da safe, shi kuma yana sha daga randa ba ya tambaya. Ya ce in gaida ƙafar sauro. Inna tana sa maka albarka, ta ce ka riƙe salla. Kawu Maikano, Ummussalma da Hawwa duk suna gaishe ka. Ka isar da gaisuwata ga Malam Haladu da kuke ɗaki ɗaya. Kafin amsarka ta iso, ga abu ɗaya da na tabbatar: in ka ji suna zagin Ba'amurke, ka yi murmushi ka ci gaba da shan shayinka, kada ka taya su.

Naka yayanka,
Yahuza.