Baba Ya Bar Fartanyarsa a Coci

Yaya Bulus,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Ina gajiya, ya iyali, ya Legas? Mu a Kagoro sai godiya.

Ran Lahadi aka yi sujadar iyali. Fasto ya ce kowa ya kawo kayan aikinsa a sa albarka, don tuƙa tuwo ma bautar Allah ce. Mama ta kai muciya, Baba fartanya. Da aka tashi ya bar ta gaban bagadi. Na tuna masa, ya ce, "Ban manta ba, Bulus zai zo ya ɗauka."

Bai ce yana ciwo ba, amma jiya ya rabar da irin cittarsa, ga damina ta kusa.

Ka gai da yara, ku sa mu a addu'a. Kada ka jira Kirsimeti, Yaya.

Ƙanwarka,
Saratu