Zagaye Na Biyu

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Inna, da fatan kumburin ya sauka? Ki shafa mini kan yara.

Kin ce muryata ta canza a waya. Gaskiyarki, kunya ce ke cina.

Kin san a ofis muna gina zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Akwai ɗan rubutun umarni da ke tattara sunan kowane ɓangaren aiki a cikinta da adireshinsa, wato gurbin da yake zaune, ya jera su a tebur na lissafi, don in na'ura ta faɗi ta faɗa mana inda ta mutu. Dattijo, wanda ya koya mini aikin nan tun ina rarrafe, shi ya rubuta shi, ya sa yana zagayawa sau biyu. Ni sarkin wayo na ce ɓata lokaci ne, na goge zagaye na biyu, har ina taƙama na rage minti huɗu.

Ashe shigar da teburin kansa cikin manhajar yana ture adireshi gaba, zagaye na biyun ne ke daidaita su. Yanzu na'ura na faɗuwa a cikin aikina, amma sunan maƙwabcinsa a tebur take kira, wato aikin Dattijo. Shugabanmu ya zage shi tas a gaban kowa, ya ce Litinin zai ɗauke shi daga aikin. Ina zaune da kofin shayi, na san komai, na bar shi ya ɗauki laifina.

Kada ki gaya wa Inna.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, amsarki ta iso, kuma faɗan ya shige ni.

Da safiyar Litinin na sami Dattijo yana zuba littattafansa a kwali. Na faɗa masa komai, ina kallon takalmina. Bai yi mamaki ba. Ya juyo mini allonsa, ga tarihin gyare-gyare a buɗe, sunana ɓaro-ɓaro a kan layin da na goge. Tun ranar farko ya gani. Ya ce ya san ni sabuwa ce, in shi ya nuna ni kora ce, in ni na kai kaina gyara ne, shi ya sa ya jira.

Yaya, kwana biyar yana shan zagi yana jirana, ni kuwa ina gaishe shi kullum kamar ba komai.

Na je wurin Shugaba da ƙafata, na faɗa masa gaskiya. An mayar da layin, kwalin ma an zazzage shi. Yau na'ura ta sake faɗuwa, ta kira sunan aikina daidai, kuma ban taɓa jin daɗin jin laifina irin na yau ba.

Yanzu kya iya gaya wa Inna.

Taki har kullum,
Auta