Yatsan Baba Isaka

Laraba, bayan isha'i

Har yanzu raina a ɓace yake. Yau na raka masu binciken tarin fuka gidan yari, ni ce mai yi musu fassara. Takardar ta ce kowa yana da ikon ya ƙi. Na karanta wurin sau biyu, amma ga gandiroba tsaye a bakin ƙofa, ga sabulu da madara an jera a tebur. Wanda ya yi watanni bai ga sabulu ba, yaya zai ce a'a?

Sai aka shigo da Baba Isaka, makanikin unguwar Suame, aminin marigayi babana. Ya rame sosai. Ban kai rabin takardar ba ya ɗaga hannu.

"Bari, 'yata. Tunda ke kika kawo, ba sai na ji ba."

Na ce, "Baba, jininka za su ɗeba. Ba magani ba ne, bincike ne."

Ya ce, "'Yar Malam Sani ba za ta cuce ni ba." Ya dangwala yatsa.

A mota na gaya wa Madam, shugabar aikin, cewa wannan ba yarda ba ce, kunyata ya ji. Ta yi murmushi, wai ai shi ya sa suka nemi 'yar Zango, unguwarmu ta Hausawa.

Gobe ko su yaga takardar Baba, ko su nemi wata. Na zaci bakina suka ɗauka aiki, ashe sunan babana ne. Shi ma ba wanda ya nemi yardarsa.