Gyaɗar Buhun Bayan Ƙofa

Alhamis, bayan isha'i, Sule Tankarkar

Jiya na yi wa maigida kantun gero da riɗi da gyaɗa, na haɗe shi da dabino maimakon sukari, don ya daina karyawa da fanke a hanyar kasuwar Maigatari. Da asuba ya cika aljihu, ya hau babur.

Ɗazu Inna, mahaifiyarsa, ta tarar da buhun bayan ƙofa a buɗe. "Ke 'yar nan, wa ya taɓa gyaɗar nan? Ta shuka ce, an cuɗe ta da maganin ƙwari."

Daga buhun nan na ɗebi gyaɗar da na yi kantun da ita.

Na kira wayarsa har na gaji, ba ta shiga. Allah ka tsare. Kuma na san halinsa, bai taɓa iya cin abu shi kaɗai ba.