Hular Kofur

Litinin, 3 ga Maris
An ɗauke ni a fim! Ni da ko wata ban cika a garin nan ba. Rakiyar wani abokina kawai na yi zuwa wurin ɗauka, Darakta ya kalle ni ya ce, "Kai dogo, fuskarka ta 'yan sanda ce." Na ce ai gado ne, marigayi Baba kofur ne. Suka yi dariya, ban san dalili ba.

Talata, 4 ga Maris
An sa mini kaki. Wandon ya yi mini yawa, Anti mai kwalliya ta kama ƙugun da fil. Yau na ceci wata yarinya a hannun masu satar mutane, aka harbe ni na mutu. Jinin jan kala ne, sai ƙaiƙayi. Na kira Inna na ce mata irin Baba nake fitowa. Allah ya taimaka kawai ta ce.

Alhamis, 6 ga Maris
Ashe ba a jere ake ɗaukar fim ba! Ƙarshen muka fara yi. Ni takardar labarin ba na iya binta, kullum faɗa mini ake yi. Yau aka faɗa mini na farkon: ina tsaye a shinge, na ji bugu a bayan mota, direba ya miƙo ambulan, na karɓa na ɗaga musu sanda. Wato ni na bari aka wuce da yarinyar.
Na ce wa Darakta, "Yallaɓai, mutumin nan na kirki ne ko mugu?" Wai duka biyun, ƙanena. Babu wani duka biyu. Na ce ba zan karɓa ba.

Juma'a, 7 ga Maris
Ba zan karɓa ba.

Asabar, 8 ga Maris
Sau uku direban yana miƙo ambulan ina ture hannunsa. Mai kyamara ya ce, "A'a, yau ga Kofur Waliyyi!" Kowa ya kwashe. Darakta bai yi dariya ba. Ya ce zuwa Litinin ko in karɓa ko in tuɓe musu kayansu, a sake mutuwar da wani. Mutuwata fa, da na yi ta da kyau haka.
Anti tana goge mini fuska ta ce, "Ɗan nan, wanda bai karɓa ba, me zai kai shi gaban bindiga? Kunya ce ta kai shi." Su nemi wani.

Litinin, 10 ga Maris
Na yi. Ɗauka ɗaya.
Ba don sun fi ni gaskiya ba ne, aiki ne kawai. Na cire hula kamar zan share gumi, na zura ambulan ɗin cikin naɗin, na mayar, idona na kan titi. Babu wanda ya ce in yi haka. Darakta ya ce, "Kai! Ina ka koyi wannan?" Na ce babu ko'ina.
Baba in ya dawo daga aiki, takalmi ni ke cire masa, bel ni ke ratayewa. Hular ce kawai yake shiga ɗaki da ita ya turo ƙofa.
Wannan ba hujja ba ce. Kowa da yadda yake son hularsa.
Inna ta kira sau biyu. Gobe na kira ta.