Kwalayen Farfesa Bamanga

Pantami, Gombe
Nuwamba, 2014

Zuwa ga aminiyata Maman Ifenna,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigida Nnabuike da yara. Yaya Nnewi, yaya baƙunta? Na ce baƙunta ko da yake garinku ne, don na san wadda aka haifa a unguwar Kumbiya-Kumbiya nan Gombe ba za ta saba da garin da ba a tallar kindirmo ba.

Jikin maigidana Farfesa da sauƙi, irin sauƙin da ake faɗa wa 'yan dubiya. Ke kam ba zan ɓoye miki ba. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, magana sai kalma ɗaya ko biyu, hannun dama kuma ya ƙi. Amma kullum da hantsi sai na tura kekensa zuwa ɗakin karatu, ya zauna yana kallon kwalayen takardunsa.

Kwalayen nan su suka sa na rubuto, don ba maganar waya ba ce. Kin fi kowa sanin abin da ke ciki, Nwakaego, tunda ke kika buga masa rabinsu da tafiretarki mai hana mutane barcin rana. Ƙuruciyarsa kaf ya ƙarar yana bin garuruwan bakin Gongola, yana durƙusa wa tsofaffi su ba shi tarihi, yana zana ganuwa da ƙofofi da hanyoyin fatake. Tsofaffin sun rasu. Wasu garuruwan ma yanzu ba kowa, mutanensu na nan Gombe suna kwana a gidajen dangi.

Tun bayan bom ɗin tasha ake bi gida-gida ana bincike. Ɗanmu Bilyaminu ya tayar da hankalinsa. Ya ce duk wanda ya buɗe kwali ya ga taswirar gari da zanen hannu, ga ajami a gefe, ba zai tsaya tambayar ko tarihi ba ne. Wai a ƙone su. Na yi masa tas, na ce aikin ubansa ba shara ba ne. Amma da na huce na ga ba ƙarya ya yi ba. Saurayi ne mai gemu, in an zo shi za a fara ɗauka.

Na tuntuɓi tsofaffin abokan aikin Farfesa, kowa ya ce in bari abubuwa su lafa. Ban ga laifinsu ba, su ma da 'ya'ya. To, na ji Nnabuike bai daina kawo kayan gyaran mota Gombe ba. Ko zai yarda ya tafi da takardun wurinki? Na san abin da nake roƙo ba ƙarami ba ne, ga shingayen bincike a hanya. In ya ƙi, wallahi ba zan riƙe shi a rai ba.

Ki gaishe min da Ifenna da Olaedo.

Taki har kullum,
Iklima

Pantami, Gombe
Fabrairu, 2015

Maman Ifenna,

Ina gaisuwa, ina kuma godiyar da ban san yadda zan rubuta ta ba. Ina fata ciwon gwiwarki ya bar ki. Na ji kin samo wa takardun akwatunan ƙarfe saboda damshin ƙasarku, har kin kori Olaedo daga ɗakinta dominsu. Ki ba ta haƙuri.

Mijin nan naki Allah Ya saka masa. Da nake yi masa dogon bayani sai ya katse ni, wai in bar wahalar da bakina, Farfesa ne ya tsaya masa ya samu shago lokacin da ba shi da kowa a garin nan. Ya zuba takardun a buhuna, ya danne da tsofaffin tayoyi, ya ja mota.

Farfesa bai sani ba. Na gwada faɗa masa kafin a kwashe. Ina fara zancen a kai su wani wuri ya ɗaga hannun hagu ya ce a'a, idonsa ya yi ja, ranar ko kunu bai sha ba. Don haka muka bar kwalayen a inda suke, muka cika su da tsofaffin jaridu, muka ɗaure da igiyoyinsu. In kin leƙa ɗakin ba za ki ce an taɓa komai ba.

Kin dai ji labarin ranar da 'yan bindiga suka nufo gari ta hanyar Kwadon. Mun wuni a kwance a ƙasa, ni da jikoki. Bayan an ɗage dokar hana fita aka zo bincike layinmu, Farfesa na barci. Sun buɗe kwali biyu, suka ga jaridu, suka wuce. Bilyaminu na nan gida lafiya, yau ma ya cinye min ɗumame.

Ya kamata in samu natsuwa, amma ina! Kin san halinsa a kan takardunsa, ko share ɗakin aka yi ba da izninsa ba sai gidan nan ya ɗauki zafi. Kullum na tura shi gaban kwalayen ina jiran ranar da zai ce a buɗe. Ban taɓa ɓoye masa ko allura ba, sai da furfura ta cika min kai.

Ki sa mu a addu'a a cocinku.

Taki,
Iklima

Pantami, Gombe
Mayu, 2015

Aminiyata Nwakaego,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Gari ya ɗan lafa, kasuwa ta fara cika, an yi ruwan farko.

Ranar da nake tsoro ta zo. Shekaranjiya da hantsi ya nuna kwalin da ya rubuta sunan garin Nafada a jikinsa, ya ce in buɗe. Na yi kamar ban ji ba, ya sake faɗa. Na durƙusa na kwance igiyar, na riga na shirya haƙurin da zan ba shi.

Ya sa hannu ya zaro jarida, ya shimfiɗa a cinya. Ya daɗe yana bin layukan da yatsa, yana gyaɗa kai, yadda yake yi in aiki ya yi masa daɗi. Ina jira ya ɗago ya dube ni. Da ya ɗago, murmushi ya yi min.

Nwakaego, bai gane ba. Mutumin da ke gane takardarsa ko tsire aka naɗe da ita, bai bambance aikin rayuwarsa da jaridar bara ba. Wallahi na so ya yi fushi. Na so ya jefe ni da kwalin, ya ƙi cin abincina har Sallah. Na fita tsakar gida na yi kukan da ban yi ba ranar da ya faɗi. Ashe ina ta fafutukar tsirar da takardu, mai takardun yana zarewa a gabana ban lura ba.

Ki riƙe su da kyau. Abin da ya sani yanzu yana ɗakin Olaedo, babu saura a nan.

Da na share fuska na koma, na tarar ya ware shafi ɗaya ya ninke shi da hannu guda. Ya miƙo min, ya kira sunanki tiryan-tiryan ba gargada, ya ce a ba ki ki buga. Ga shi nan na sa miki a ambulan. Tallar katifa ce da sakamakon ƙwallo. Yau da safe ya tambaye ni ko kin gama, na ce kina kai.

Ki gaishe da Nnabuike da yara.

Taki har kullum,
Iklima