Yara Tara a Ɗakin Ajiya

Malam,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali.

Ni ce ɗalibarka da ka zo dubawa a aji huɗu lokacin gwajin koyarwa, ka ba ni maki tamanin da biyu. Makin nan ne ya sa makarantar ta ɗauke ni aiki. Ranar Litinin zan fara.

Akwai abin da na ɓoye. Yara arba'in da ɗaya ne a ajin, talatin da biyu ka tarar. Da safiyar ranar malamar ajin ta ce mini, "'Yar nan, kwashe masu nauyin kai kafin baƙonki ya iso. Kowa haka yake yi." Ni na zaɓi tara. Na kai su ɗakin ajiya, cikin karyayyun kujeru, na ce shara za su yi. Minti arba'in suka yi a ciki. Wata da ake kira Shiru-shiru ta tambaye ni, "Malama, ɓoye mu ake yi?" Tun ranar ba ta sake zuwa makaranta ba. Yau kwana hamsin da uku.

Na rubuta wa shugaban sashenmu na kwaleji takarda a kan abin da na yi, ban miƙa ba tukuna. Kai ka koya mana ɗa'ar malanta. Me zan yi?

Ka huta lafiya.
Ɗalibarka

*

'Yata,

Na samu wasiƙarki, muna lafiya. Ke dai ba ki sauya ba, har kwanaki kike lissafawa!

Kina zaton ban ga benci uku wayam ba, ga jakunkuna a ƙarƙashi? Shekara ashirin ina shiga azuzuwan da ko daƙiƙi ɗaya babu. In cike fom, in sa hannu, in tafi.

In takardar nan ta isa ofis, za a soke makinki, aikin ya kuɓuce miki. Ni ma a kira ni gaban kwamiti, ga shi saura wata bakwai in yi ritaya. Kuma duk wannan ba zai dawo da yarinyar aji ba.

Abin da na koya muku gaskiya ne. Ban taɓa cewa ni na iya shi ba. Yaga takardar, don Allah.

Allah ya yi miki albarka.
Malaminki

*

Malam,

Ina gaisuwa.

Na je gidansu Shiru-shiru. Mahaifiyarta ta ba ni kujera da ruwa, ta ce ƙila yarinyar ce ba ta da kai. Ita kuwa ta ƙi fitowa. Ban faɗa wa uwar komai ba.

Na yaga takardar. Na fara aiki, ajin nan aka ba ni. Jiya da ƙarfe goma da kwata wani baƙo ya tsaya a bakin ƙofa riƙe da fayil. Kafin in buɗe baki, su takwas ɗin sun miƙe, sun ɗauki tsintsiya, sun fita.

Ba sai ka ba ni amsa ba.

Ka huta lafiya.
Malamar aji huɗu